Tambaya da Amsa: Ina koyar da noma amma makarantarmu ba ta da gona

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin Agirik ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Daura, shekarata biyu da fara aiki bayan na gama NCE. Makarantar ba mu da gona, ko fartanya ɗaya babu a sito, kullum sai dai in cika allo yara su kwafa, kuma kusan dukkansu ɗiyan manoma ne, in ina bayani sai su riƙa kallona kamar mi zan faɗa masu da ba su sani ba. Wallahi har na fara tunanin aje aikin. Dan Allah a ba ni shawara. Daga wani malami, Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara haƙuri. Na yi wannan aikin shekaru, na san abin da kake ji. Amma gaskiyar yaran nan fa, yaron da tun yana ɗan shekara bakwai yake bin babanshi gona ba kai za ka koya mashi riƙon hauya ba. Abin da bai sani ba shi ne dalili, kuma nan ne aikinka yake. Ya san geron gindin gawo ya fi na ko'ina kyau, toh tambaye shi mi ya sa? Sai ka yi mashi bayani cewa gawo da damina yake kaɗe ganye, saboda haka bai tare ma shuka rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwarshi kuma tana ƙara ma ƙasa sinadarin naitirojin, wanda shi ne dai babanshi ke saye da tsada a buhun yuriya. Ka nemo buhun taki wanda ba komai ciki ka shigo da shi aji, su karanta 15-15-15 ɗin da ke jiki, wato kashi 15 cikin ɗari na kowane ɗaya daga sinadarai ukun da ke cikin takin, ku yi lissafi tare su gano cewa a buhu mai kilo 50 kowane sinadari kilo bakwai da rabi ne. Ranar za ka ga aji ya yi tsit.

Batun gona kuma kar ya hana ka barci. Ko makarantun da ke da ita wahala suke sha, don dogon hutu yana faɗowa a tsakiyar damina, kafin a dawo a Satumba ciyawa da awaki sun gama da komai. Abin da ya dace da kalandar makaranta shi ne renon itatuwa. Ledar fiya wata da yara ke yardawa a harabar makaranta ta ishe ka, a huda gindinta, a cika da ƙasa haɗe da takin gida da ya ruɓe, wajen Maris ko Afrilu a shuka zogale da bedi da gawo a inuwa kusa da inda kuke samun ruwa. Irin gawo ɓawonshi na da tauri, sai an ɗan kankare shi ko a jiƙa da ruwan zafi ya kwana, shi kuwa bedi ɗanyen iri ake so don bai jure ajiya. In ruwa ya zauna a Yuli kowa ya ɗauki nashi ya dasa a gida ya kewaye da ƙaya, ka sa maki a kan wanda ya rayu, ba wanda aka dasa ba.

Daga nan darasin muhalli ya zo da kanshi. Katsina na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada waɗanda shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Kuma ba sai ka kawo masu misali daga nesa ba, maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture a gona suna gyara shi ya zama itace, suna ce mashi sassabin zamani, ya farfaɗo da gonaki masu yawan gaske. Wasu ɗalibanka ma suna da dangi can.

Bayan kaka kuma ku zuba wake a jarka biyu, ɗaya a cika ta a toshe gam ɗaya a bar ta buɗe, a duba bayan wata biyu, su gani da idonsu rashin iska ke kashe ƙwaro, dabarar buhun PICS ke nan, wato buhun ajiyar amfanin gona mai leda a ciki da ke hana iska shiga.

Abu ɗaya nake roƙonka, kar ka yarda a mayar da aikin nan horo. A wata makaranta da na koyar duk wanda ya makara gona ake tura shi, har yau abin na ci mani rai, don mu da kanmu muka koya ma yaran nan cewa noma hukunci ne.

Aje aiki kam ban ba ka shawara ba. Ka tabbata ka yi rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ka fara shirin digiri, jami'ar tarayya ta Dutsinma na da tsangayar aikin gona. Sannan ka nemi malamin gona na KTARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Katsina, da ke yankinku ka gayyato shi aji ko sau ɗaya a zango. Ledojin kuwa ka sa a fara tarawa tun wannan satin, in sun tsiro ka turo mana hoto mu buga.