Amsa: Hayaƙin tanderun narka ƙarfe ana iya mai da shi makamashi?

Malam, ka tambaya ko hayaƙin da ke fita daga manyan tanderun narka tama asara kawai ake yi, da kuma ko za a iya girki da shi. Ba asara ake yi ba, an daɗe da daina barin sa ya bi iska. Tun 1857 wani injiniyan Ingila, Edward Cowper, ya ƙirƙiro murhun bulo da ake ƙona wannan hayaƙin a ciki, bulon ya yi jawur, sannan a bi da iska ta cikinsa ta ɗau zafi kafin a hura ta cikin tanderun.

Babban abin da ke kama wuta a cikin hayaƙin shi ne iskar kabon monoksaid, wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Kusan rabi naitirojin ne, wanda ba ya ci, shi ya sa ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na iskar gas ta ƙasa ba.

Wahalar tana wajen tacewa, don yana fitowa cike da ƙurar tama da gawayi. Da farko a zuba shi cikin wani ƙaton tulun ƙarfe, gudunsa ya ragu, ƙura mai nauyi ta zube ƙasa. Daga nan a matse shi ta ƙuntataccen bututu ana fesa masa ruwa, ko a tace shi da buhunan yadi. In aka yi sakaci, ƙurar ta toshe ramukan bulon, ta cinye fukafukan injin samar da lantarki. Hayaƙin da ya rage bayan na murhun bulo, a tafasa ruwa da shi a samu lantarki.

Batun girki da ka kawo kuwa, kada ma a fara. Kabon monoksaid ba ya wari, kisa yake yi shiru, saboda haka a cikin masana'anta ake ƙone shi.