Harshen tirim yana wasa: kada ka fara da ɗaure waya

Ka ce ka taɓa ɗan harshen tirim da ke bayan fiffiken bindin ƙaramin jirgin sama Cessna 172, wato ɗan faifan da ke taimaka wa matuƙi daidaita hancin jirgi sama ko ƙasa, ka ji yana wasa, kana tambaya ko ka ƙara ɗaure wayar. A'a, yaro, ajiye sifana tukuna.

Fara sanin hanyar da motsin ke bi. Matuƙi ya juya wili a gabansa, sarƙa ta ja waya, waya ta bi cikin jirgi har bindi, ta juya wani ɗan jak mai zare, shi kuma ya tura sanda, sanda ta motsa harshen. To wasan da yatsanka ya ji, galibi daga jak ɗin nan zuwa baya yake: zare ya ci, ko ramin ƙusar sanda ya buɗe, ko hinjin harshen ya saki. Ɗaure waya ba ya gyara ko ɗaya. Sai ma wili ya yi tauri, tayoyin da waya ke bi su fara cinyewa.

Sa wani ya riƙe maka fiffiken kam. Kama bakin harshen da yatsu biyu, ka girgiza a hankali, ɗaya hannun kana ɗora shi a kan kowace mahaɗa. Inda ka ji ƙas-ƙas, nan ciwon yake. Sannan ka auna wasan, ka gwada da iyakar da littafin jirgin ya ba da. Ba a yin wannan da ido, domin harshe mai wasa yana iya kama karkarwa a sama, karkarwar kuwa kan yaga fiffike.

Wayar ma a duba ta. Ja tsumma a kanta. In ya maƙale, silin ƙarfe ya tsinke. Ƙarfin ɗaurinta da ma'auni ake gani. Maɗaurinta, wato ɗan ƙarfen da ake murɗawa a ƙara mata ɗauri, kada zarensa ya fito fiye da uku, kuma a sa wayar kulle. Giris sai wanda littafi ya ambata.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne juyin waya. A 2003 wani jirgi ƙirar Beech 1900D ya faɗa teku kusa da Massachusetts a Amurka jim kaɗan bayan tashi, matuƙa biyu suka rasu. An sauya wayar tirim, aka naɗa ta a baibai, suna neman ɗaga hanci jirgi na ƙara dukawa. Saboda haka duk ranar da ka kwance waya, in ka mayar, zauna a kujera ka juya wili zuwa ɗaga hanci, wani na tsaye a bindi. Dole bakin harshen ya yi ƙasa. Ka kai shi ƙarshe ta kowane ɓangare, ka auna kusurwar, ka kira ni in gani da idona kafin a sa hannu a littafi.