Kwasar kwalabe gida-gida a Sakkwato: kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin unguwar Mabera ne a cikin garin Sakkwato. Ƙanena da ke zaune a Ingila ya ba ni labarin cewa a garinsu kowane gida yana da akwatin da ake tara kwalabe a ciki, motar hukuma ta bi layi-layi ta kwashe, a kai masana'anta a narkar a yi sababbi. Na kuma ji cewa kwalba ba ta gajiya da narkarwa. To, me ya hana hukumominmu yin haka, tunda kuɗin sayar da kwalaben zai iya riƙe aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji game da narkar da kwalba gaskiya ne, kuma ya kamata in fara da shi kafin in zo inda na saɓa maka. Ana yin kwalba ne da yashi, da farar ƙasa, da wani sinadarin soda wanda ɗan'uwan kanwar da muka sani ne, a zuba su cikin tanderu mai zafin da ya kai kimanin digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyos. Idan aka cakuɗa fasassun kwalabe a cikin wannan haɗi, yakan narke da wuta ƙasa da wadda ɗanyen kaya ke bukata, har ma'aikatan wannan sana'a suna ƙiyasta cewa duk kashi 10 cikin 100 na fasasshiyar kwalba da aka ƙara yana rage makamashin tanderu da kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Tan ɗaya na fasassun kwalabe yana maye gurbin kimanin tan 1.2 na ɗanyen kaya, domin farar ƙasa da soda suna fitar da iskar kabon idan suka narke, ita kuwa tsohuwar kwalba ta riga ta fitar da tata tun a narkarwar farko. Kwalbar da aka narkar sau goma kuma ba ta kasa sabuwa ƙarko ba.

Sai dai duk wannan riba a ƙofar tanderu take, mai masana'anta ne ke cin ta, shi kuwa wanda ya kwaso kwalaben daga gidaje ɗawainiya ce ke kansa. Mai masana'anta ba zai sayi fasasshiyar kwalba da kuɗin da ya zarce na yashi da soda da ɗan makamashin da ya rage ba, kuma yashi yana cikin kaya mafi araha a duniya. Idan kana son ganin haka da idonka, ka tsaya a bakin kowane juji da safe ka lura da ɗan jari-bola yana tona shara da ƙarfensa mai lanƙwasa. Gwangwanin alminiyam ba ya wuce shi, domin narkar da tsohon alminiyam yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da ake kashewa wajen yin sabo, saboda haka yana da mai saye a ko'ina. Ƙarfe da jan ƙarfe ma haka. Idan ya ci karo da kwalba lafiyayya yakan ɗaga ta sama ya duba bakinta ko ya gutsure, in lafiya lau take ya jefa a buhu. Fasasshiya kuwa da ƙafa yake ture ta gefe. Wannan yaro bai karanta ilimin tattalin arziki ba, amma kasuwa ta riga ta gaya masa farashin kowanne.

Babbar matsalar kwalba nauyi ne. Idan muka ɗauka kwalba ɗaya tana da nauyin giram 400, sai an tara guda 2,500 kafin a samu tan ɗaya, tirelar da ke ɗaukar tan 30 kuma sai an tara mata 75,000. Daga cikin manyan tanderun yin kwalba da aka sani a Najeriya akwai na kamfanin Beta Glass da ke Agbara a Jihar Ogun da Ughelli a Jihar Delta, kuma ba a banza suka zauna can ba, domin tanderun kwalba idan aka kunna shi ba a kashe shi dare da rana har tsawon shekaru goma ko fiye, don haka an fi kafa shi inda iskar gas take da kuma kusa da kamfanonin da ke sayen kwalaben. Daga Sakkwato zuwa can tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000 ko fiye. Direban da zai nufi kudu daga nan yana da albasa da shanu da ke jiran mota, kayan da kowane tan nasu ya ninka na fasasshiyar kwalba daraja nesa ba kusa ba, saboda haka mai kwalba zai biya kuɗin mota irin na mai albasa a kan kayan da bai kai rabin darajarta ba. A wani nisa, man dizal ɗin da motar ta ƙona yakan fara cinye ribar muhallin da ake nema tun farko, ko da yake a ganina aljihu ne ke fara gazawa kafin a kai wannan matsayi.

Bayan nauyi sai tsabta. Ba duk abin da muke kira gilashi ne ke shiga tanderun kwalba ba. Gilashin taga, da madubi, da ƙwan lantarki, da kwanukan gilashi masu jure wuta, kowanne haɗinsa daban ne. Mafi muni shi ne faɗi-ka-mutu, domin ɗan guntun kofin shayi ba ya narkewa a zafin da kwalba ke narkewa, sai ya maƙale a jikin sabuwar kwalba kamar tsakuwa a cikin tuwo, ya zama wurin da za ta tsage idan aka cika ta da lemo mai gas. Saboda haka masana'anta takan rage farashin lodin da ya gurɓata, ko ta ƙi karɓarsa bayan ya sha wannan doguwar tafiya. Launi ma yana da nasa sharaɗi: farar kwalba ba ta yarda da kore ko ruwan ƙasa a cikinta, kuma ita ce ta fi daraja, don haka sai an ware su tun kafin su farfashe su gauraya.

Ko a ƙasashen da ƙanenka ke ba ka labari, ba kuɗin sayar da kwalba ne ke riƙe aikin ba. Harajin da magidanta ke biya wa hukumar gari ne, tare da kuɗin da doka ta ɗora wa kamfanonin da ke zuba kaya a kwalba, sannan zubar da shara a juji yana da tsada a can, ta yadda duk tan ɗin da aka kauce wa kai shi juji tanadi ne. A Amurka, inda garuruwa da yawa suka zaɓi a zuba takarda da roba da gwangwani da kwalba a mazubi ɗaya, abin bai yi daɗi ba. Motar kwasar shara tana matse kayan, kwalaben su farfashe, ɓarɓashin ya shige cikin takarda ya ɓata ta, ya kuma riƙa cin injinan tacewa, abin da ya rage na kwalbar kuma ya fito cakuɗe da datti har sai hukuma ta biya kafin a karɓa. Birnin Houston ya cire kwalba daga kwasar ƙofar gida a 2016 saboda tsada, sai bayan wasu shekaru aka maido da ita. Gundumar Fairfax a Jihar Bajiniya ta daina a 2019, ta koma ajiye manyan mazubai na kwalba zalla a wurare keɓaɓɓu, mutane su kai da kansu. Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka na 2018 sun nuna kusan kashi 31 cikin 100 na kwalabe ne ake sake sarrafawa a ƙasar, alhali a Tarayyar Turai ana tattara kimanin kashi 80 cikin 100, kuma babban abin da ya raba su shi ne Turawan sun fi tara kwalba ita kaɗai, ga shi tanderunsu ba su da nisa da garuruwansu.

Mu dawo gida. Tsarin bin layi da mota yana bukatar layin da mota za ta shiga, kuma duk wanda ya san lungunan cikin gari, wajen Kanwuri da kewayenta, ya san akwai inda ko Keke Napep sai da dabara. Yana bukatar mazubi a kowane gida, da ranar kwasa da ba ta tashi, da direba da 'yan lodi masu albashi, da kanikawa da kayan gyara. Idan sharar yau da kullum ba ta samu wannan kulawa a dukkan unguwanni ba, ban ga hujjar ware mota sukutum domin kwalba ba, musamman ganin cewa gidajenmu ba sa fitar da ita da yawa kamar gidajen Turai, inda abinci da abin sha masu yawa ke zuwa a kwalbar da ake jefarwa bayan amfani ɗaya. Mota za ta zaga unguwa guda ta ƙona mai ta dawo da abin da bai cika baro biyu ba. Akwai kuma wani batu da ba a cika faɗa ba: kwalba a juji ba ta ruɓewa, ba ta fitar da wari ko guba, illarta yanka ce. Leda da robar ruwa su ne ke toshe magudanai idan damina ta kankama, su ne dabbobi ke haɗiyewa, su ne ake ƙonawa hayaƙin ya shiga ƙirjin yara. Idan kuɗin hukuma bai isa komai ba, can ya fi cancanta ya fara zuwa.

Abin da nake so ka lura da shi, Malam, shi ne muna da tsarin da ya fi narkarwa, sai dai ba mu ɗauke shi a bakin komai ba saboda mun saba da shi. Idan ka sayi lemon kwalba a shago ka ce za ka tafi da shi gida, mai shago zai ce ka ajiye kuɗin kwalba, ka maido ka karɓi abinka. Motar da ta kawo kaya ita ke komawa da kiret-kiret na kwalaben da aka shanye, a wanke su a sake cikawa, ba tare da hukuma ta kashe ko kwabo ba. Wanke kwalba bai kai narkar da ita cin makamashi ba ko kusa, kuma a Jamus, inda suka riƙe wannan tsari da kyau, kwalba ɗaya takan yi zagaye har sau 50. Jihar Oregon ta Amurka sai da ta kafa doka a 1971 domin tilasta abin da mai shagon unguwarku ke yi da baki kawai. Kwalaben da kamfani ba ya karɓa ma ba sa rasa aiki. Ka dubi mai soyayyar gyaɗa yadda take naɗe takarda ta yi mazurari, ta ɗura gyaɗar tana bubbuga gindin kwalbar a tafin hannu har ta cika maƙil, sannan ta murɗa marfi. Zuma da man shanu da man gyaɗa da humra duk a tsofaffin kwalabe suke zuwa kasuwa. Gargaɗina a nan ɗaya ne, kada a zuba abin ci a kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko wani sinadari, komai wankin da aka yi mata. Abin da ke barazana ga wannan tsari kuwa shi ne yadda kamfanonin lemo ke komawa robar da ake jefarwa, domin ta fi sauƙin ɗauka a doguwar hanya irin tamu, sharar kuma ta zama ta gari.

Saura fasassu da waɗanda ba mai so. Waɗannan abin da ya dace da su shi ne wuraren tarawa kaɗan a inda kwalba ke taruwa da kanta, kamar bakin Babbar Kasuwa, da tashoshin mota, da otal-otal da wuraren biki, a sa dillalan gwangwan da ke da sikeli da fili su riƙa saye da kilo. Ɗan jari-bolan nan da ke ture fasasshiyar kwalba da ƙafa zai fara ɗauka ranar da aka sa mata farashi, sai dai a ba shi safar hannu mai kauri da takalmi, domin yankan kwalba a juji ba ƙaramin ciwo ba ne. Tunda ba ta lalacewa, ana iya tara ta wata da watanni, fara daban mai launi daban, har lodi ya cika a nemi motar da za ta koma kudu babu kaya a yi ciniki. Giɓin da ke tsakanin kuɗin mota da farashin masana'anta bai kamata ya fito daga asusun ƙaramar hukuma ba. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, wadda aka kafa a 2007, tana da tsarin da ke ɗora wa kamfanoni masu kaya alhakin sharar mazubansu, kuma nan ne ya kamata jiha ta matsa.

Ana iya kuma amfani da ita a gida. Niƙaƙƙiyar kwalba tana shiga cikon ƙarƙashin hanya da shimfiɗar bututu a madadin yashi, ko da yake a garin da tifa ke ɗebo yashi a kusa, injin niƙa da man da zai sha ba lallai su fi yashin araha ba. Masu buga bulo su yi hattara, domin manyan gutsattsarin kwalba sukan yi faɗa da siminti a hankali har kankare ya tsage, sai in an niƙe ta lukui kamar gari. A Bida, masu sana'ar gilashi na unguwar Masaga sun daɗe suna narkar da tsofaffin kwalabe suna yin duwatsun wuya da awarwaro, sana'a mai kyau wadda ba za ta iya shanye sharar birni ba, amma tana nuna cewa ƙaramin tanderu ma yana da abin yi.

Kafin a sayi ko mota ɗaya, shawarar da zan ba duk jami'in da wannan tambaya ta kai gare shi ita ce ya zaɓi unguwa biyu, ɗaya ta cikin gari ɗaya ta sababbin gine-gine kamar Arkilla, a auna kwalbar da ke fitowa daga shararsu na tsawon wata guda, sannan a tambayi masana'anta nawa za ta biya tan ɗaya a ƙofarta, a tambayi direbobi nawa za su kai shi. A gida kuma, idan kwalba ta fashe, a naɗe gutsattsarin a cikin kwali ko tsohon buhun siminti a ɗaure kafin a ba yaro ya kai bola.