Edita ta ƙi rufe maka endif? Kada ka taɓa kuɗin riɗi tukuna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina wani ƙauye kusa da Taura a Jigawa, ina haɗa wa makarantun Islamiyya shafukan intanet da WordPress. Idan na rubuta if na PHP (yaren kod ɗin da WordPress ke amfani da shi) da alamar { sai VS Code, editar da nake rubuta kod da ita, ta rufe min da kanta. Amma idan na bi salon ruwa biyu (:), wanda ake rufewa da endif ko endforeach, sai ta yi shiru, wani lokacin ma ta kawo min tag ɗin HTML. Na sayar da riɗina, kuɗin na hannu. In sayi editar PhpStorm ne, ko kwamfutar zan canja? RAM ɗinta 4GB ce.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ajiye kuɗinka, ba ciwon saye ba ne wannan.

Alamar { tana da abokiyar tafiya guda ɗaya, shi ya sa rufe ta ba ya bukatar edita ta san PHP ko kaɗan. Ruwa biyu kuwa ba ta da abokiya. Sai edita ta gane cewa if ce ta buɗe kafin ta san endif ake jira. Wannan ganewar aikin wani ƙari ne (extension, ƙaramar manhajar da ake ɗora wa edita), kuma wanda ya zo cikin VS Code bai yi zurfi ba. Ka sauke ƙarin PHP mai suna Intelephense, na kyautar ya ishe ka. Sannan a wurin neman ƙari ka rubuta @builtin php, ka kashe PHP Language Features, ka bar PHP Language Basics a kunne. In ka bar su duka, shawarwari biyu-biyu za ka riƙa gani.

Amma ga inda yawancin masu WordPress ke tuntuɓe. Salon ruwa biyu a tsakiyar HTML ake amfani da shi, kuma muddin kana wajen <?php ?>, VS Code tana ɗaukar wurin a matsayin HTML ko da sunan fayil ɗin ya ƙare da .php. Shi ya sa Emmet, mai taya rubuta HTML a cikin VS Code, ke shigo maka da tag. Gajerun kod da ka ajiye a php.json ma ba za su fito a nan ba, sai ka zuba su a html.json. Ka yi guda uku kawai: na if, na foreach, na while, kowanne da marufinsa. Aikin da bai kai tsakanin Magariba da Isha ba.

Wani lokacin kuma edita ba ta da laifi, kod ɗin ne a karye, shi ya sa ta ruɗe. A salon ruwa biyu dole ka rubuta elseif a haɗe. In ka raba ta biyu PHP za ta ƙi. Ba a buɗewa da ruwa biyu a rufe da } a gini ɗaya. A switch kuwa, ko fili ɗaya ya fita tsakaninta da case ta farko, kuskure ne. Wannan na ƙarshen ya taɓa cinye min yini guda, ina ta zargin kwamfuta.

PhpStorm ta kamfanin JetBrains ta fi fahimtar wannan salo, ban musa ba. Sai dai kuɗin wata-wata ko shekara-shekara ne, kuma a kan 4GB za ta riƙa jan ƙafa tana shan batir, kai kuma na san da sola ko shagon caji kake dogara. Suna ba da gwajin kwana 30, ɗalibai kuma kyauta, don haka in kana da shaidar karatu, misali daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ka nema kafin ka biya ko sisi.

In dai sai ka kashe wani abu, ranar da ka shiga Kano ka je kasuwar Farm Centre da kwamfutar a hannu, a buɗe a duba ko tana karɓar ƙarin RAM, domin wasu tasu a manne take. In tana karɓa, a kai ta 8GB, ka kunna ka gani da idonka kafin ka miƙa kuɗi.