Amsa ga 'yar'uwar da masu fim suka zo wa a Gadarif

Assalamu alaikum 'yan gida. 'Yar'uwa da kika yi tambaya jiya da daddare, kika ce wasu masu kyamara sun zo makarantar da aka sauke ku gudun hijira a Gadarif ta Sudan suna so su ɗauke ki ke da 'yarki kuna ba da labarin abin da ya same ku a hanyar fitowa daga Sinja, wai dokumentari ne na haƙƙin ɗan Adam irin wanda ake kaiwa gasa a waje yana cin kyauta, kina tambaya ko ki yarda, kuma da gaske ne yana taimakawa? Wallahi tun da na karanta barci ya ƙaurace min, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ni an zaunar da ni gaban kyamarar nan. Na ga wasu sun ce miki ki yi kawai duniya ta ji, wasu sun ce haramun ne ki kore su. Nidai ba zan ce ki kore su ba, amma dan girman Allah kar ki zauna musu gobe kamar yadda suka ce, ki ce su ba ki lokaci. In mutanen kirki ne za su jira.

Ni nawa ya faru ne bayan rikicin ƙabilancin da ya rutsa da mu Hausawa a Rusairis ta jihar Blue Nile a Yulin 2022, ba sai na tsaya bayani ba, kowa a gidan nan ya sani. Muna zube a aji a wata makaranta a Damazin, ko kwana arba'in yayana bai yi da rasuwa ba, sai ga su da mai fassara, da fara'a da sallama, har macen cikinsu ta rungume Innarmu. Suka ce fim ne babba, za a rufe fuskata, ba za a faɗi unguwarmu ba, kuma kafin ya fita sai an kawo min na gani. Duk da baki, ba takarda. Suka ce in kawo wani abu na marigayin, Inna ta kwance bakin zaninta ta ɗauko hularsa, ita kaɗai muka fito da ita. Na fara magana ina riƙe da hular, na zo daidai inda aka shigo da shi, muryata ta sarƙe na fashe da kuka, sai mai kyamarar ya ɗaga hannu ya ce hasken bai yi ba, a matso da ni bakin taga a sake. A sake! 'Yar'uwa kamar wasan kwaikwayo. Na sake, ya ce in ɗaga hular sama kaɗan kusa da fuskata, in kalli waje kar in kalle shi. Inna na zaune a kan tabarma tana jin yadda aka kashe ɗanta ana maimaitawa, har ta toshe kunnenta da mayafi ta juya wa bango. Da na gama ya ɗaga min babban yatsa yana cewa tamam tamam, yana murmushi da abokinsa suna leƙa ɗan gilashin kyamarar. Murmushin nan har yau in na rufe ido ina ganinsa. Suka ajiye mana sukari da mai da 'yan kuɗi a ambulan suka shiga mota.

Kuma ba kukan ne ya fi ci min rai ba. Na faɗa musu, na nanata, cewa maƙwabciyarmu wadda ba Bahaushiya ba ce, 'yar ɗaya ɓangaren ce, ita ta tura yarana ƙarƙashin angarib ɗinta, wato gadonta na igiya, ta sako zanin gado ya rufe su, ta tsaya a bakin ƙofa ta rantse wa samarin unguwarsu cewa ba kowa a ciki. Na ce ko komai za ku yanke kar ku yanke wannan. Shi suka yanke. Bayan 'yan watanni sai ga ɗan guntun bidiyo yana yawo a Facebook da WhatsApp, fuskata tarwai ba abin da aka rufe, sunan unguwarmu a rubuce a ƙasa, ni ce dai ina kuka ina cewa maƙwabta ne suka yi mana. Ina cikin raksha zan je kasuwa direban ya dinga kallona ta madubi, can ya ce ba ke ce ta bidiyon nan ba? Jikina ya mutu, na sauka tun ban kai ba. Aka fara kiran wayar maigidana cikin dare ana zagi ana cewa an san inda muke. Dangin miji suka ce na tona musu asiri na jawo musu. Sai ga saƙon murya daga baiwar Allah nan da ta ɓoye min yara, ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, haka za ki saka min? Na kira ta ta ƙi ɗauka, na tura mata rantsuwa cewa na faɗi alherinta su suka cire, ba amsa. Sai yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 lambarta ta daina shiga, ban san ko tana raye ba. Su kuwa masu fim ɗin lambar da suka bar min ko sau ɗaya ba a ɗauka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban yafe ba, Allah ya gani, mu haɗu gobe ƙiyama ni da mai murmushin nan.

Toh amma kar ki ce duk haka suke, shi ya sa ban ce ki kore su ba. Ƙanena da ya yi jami'a a Khartum shi ya zaunar da ni bayan abin ya sauke min finafinan a waya, ya ce Yaya ki ga yadda na gaske suke. Wanda ya fara nuna min na jiharmu ne ma, Beats of the Antonov na Hajooj Kuka, ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin finafinai na Toronto a 2014. A Blue Nile da duwatsun Nuba aka ɗauke shi, za ki ga jirgi ya taho mutane sun faɗa ramuka, yana wucewa su fito suna ƙirga juna suna dariya, a ɗauko rababa a ci gaba da waƙa. Ba wanda aka ce ya matso taga ya sake kuka. Mutumin ɗan ƙasa ne, ya zauna da su, in bam ya faɗo har shi. Kuma kyautar ba ta hana a ɗaure shi a Khartum a 2020 ba, shi da wasu abokan sana'arsa aka yanke musu wata biyu, sai da duniya ta yi ca aka sake su.

Akwai For Sama na 2019, wata 'yar Siriya Waad al-Kateab ta ɗauki rayuwarta da kanta shekara biyar a Halab, mijinta likita ne, a asibitin da ake ta jefa wa bam suka yi rainon jaririyarsu. Ya ci kyauta a Cannes ta Faransa ya ci BAFTA ta Ingila. Na yi kuka kamar raina zai fita. Amma kin san me? Sunan nan al-Kateab ba na gidansu ba ne, aro ta yi don ta kare danginta. Ita da kyamarar ke hannunta ta ɓoye suna, balle ke da kyamarar ke hannun baƙo. Haka wani na Indonesiya, The Act of Killing na 2012, kan kisan gillar 1965, 'yan ƙasar da suka yi aikin da yawansu ba a rubuta sunansu a ƙarshen fim ɗin ba saboda tsoron abin da zai biyo baya.

Kin tambaya ko yana taimakawa. Gaskiya yana sa a ji, wannan kam ba musu. Kisan da aka yi wa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Khartum ran 3 ga Yunin 2019, da bidiyoyin wayoyin yaran da ke wurin BBC ta harhaɗa ta nuna yadda abin ya gudana, ba mai iya cewa ba a yi ba. Amma jin duniya daban, tsira daban. No Other Land na Falasɗinawan Masafir Yatta ya ci Oscar a Maris 2025, kyautar da ta fi kowacce suna, watan bai ƙare ba 'yan kama-wuri-zauna suka lakaɗa wa Hamdan Ballal ɗaya daga cikin masu fim ɗin duka sojojin Isra'ila suka tafi da shi, a watan Yuli kuma aka harbe Awdah Hathaleen da ya taimaka musu a aikin. Ga Retrograde na Afganistan na 2022, shi ma ya ci kyaututtuka, daga baya jaridar Washington Post ta ba da rahoto cewa wani da aka nuna fuskarsa a ciki Taliban sun kama shi, ya mutu sanadin azabar da suka yi masa, har aka janye fim ɗin. Da na ji wannan sai da na yi sujada, ni zagi da tashi daga gari kawai na sha.

In don a hukunta waɗanda suka yi muku ne, fim ba kotu ba ne 'yar'uwa. Ali Kushayb, jagoran mayaƙan Janjawid da kotun duniya ta Hague ta samu da laifi a Oktoban 2025 kan kashe-kashen Darfur na 2003 da 2004, shaidu ne suka kai shi ƙasa, da yawansu an ɓoye fuskarsu da sunansu, kuma ki duba shekara ashirin sai da ta wuce.

Ki ce su rubuta miki takarda da Larabci ko da Hausa, ba Turancin da za su karanta miki da bakinsu ba, ki riƙe kwafinki, a rubuta cewa sai kin ga fim ɗin kin yarda kafin ya fita ko da guntu ne a intanet, don ni guntun ne ya kashe ni, babban fim ɗin ma ban taɓa jin ya fito ba. Fuskar yarinyar nan kuwa ko da rufewa ko babu kar ta shiga, wallahi ko kuɗi nawa ne, yarinya ce za ta yi aure, intanet ba ya mantuwa kuma kin san bakin mutanenmu. In abin da ya same ku a hanya irin wanda ba a faɗa ne, na gane daga yadda kika rubuta, ki fara kai ta wajen likita ko ungozomar da kika amince da ita, wannan ya fi fim gaggawa. Murya ma a canza, mu da muka san juna da tari ma muna gane mutum. Kar ki faɗi sunan ƙauye, kar ki kama sunan kowa. Ki tambaye su ina suke ajiye abin da suka ɗauka, don kin san yadda ake binciken waya a kowane shinge, in aka kama kyamarar a hanya ke ce a ciki ba su ba. Ki tambayi wa ya ba su kuɗin aikin, su nuna miki fim ɗin da suka taɓa yi, kuma su haɗa ki da wata da ta fito a ciki ku yi magana mace da mace ba a gabansu ba. In suka fara ɓata rai kin samu amsarki. Kuma in wani ya ce miki sai kin yi magana za a sa sunanki a rabon abinci ƙarya yake, ki kai ƙararsa wajen kwamitin makarantar. Ki yi istihara, ki shawarci babarki in tana kusa.

Abin da ke ƙona min rai kuma, mu har yaushe sai baƙo ya zo ya ɗauke mu muna kuka? Larabawan Khartum da 'yan Nuba suna yin nasu. Suhaib Gasmelbari ya bi dattawa huɗu masu son farfaɗo da gidan sinima a Omdurman jami'an tsaro na ta yi musu yawo da hankali, Talking About Trees, ya ci kyautar dokumentari a Berlin a 2019. Marwa Zein ta yi na 'yan mata masu ƙwallo a shekarar. Mu kuwa tun bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903 kakanninmu suka biyo hanyar gabas daga Najeriya, ga garin Mai Wurno nan a bakin kogi, mun yi noman Jazira mun yi kamun kifi a Nilu, amma kullum sai an tambaye mu yaushe za mu koma. Tsofaffin da suka san labarin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, samarinmu kowa da waya mai kyau sai rawa a TikTok. Ku zauna da kakanninku ku ɗauka mana dan Allah, ko ba gasa ko ba kyauta. Ku kuma 'yan'uwa na Makka da Jidda da ke gidan nan, na san tausayi ne ke sa ku, amma ku daina tura bidiyon matan da ke kuka daga wannan guruf zuwa wancan kuna rubuta a yaɗa, nawa ma ta hannun masu tausayi ya isa inda ya isa.

Ki yi min magana ta sirri in kin samu netwok, akwai abin da ba zan rubuta a nan ba, kuma in sun ba ki wata takarda ki ɗauki hotonta ki turo ƙanena ya karanta miki kafin ki sa hannu ko ki dangwala. Ki gaida min yarinyar, Allah ya ba ta lafiya ya mayar da ku gida.