Tsirkiyoyin jitata suna ja na, shin in yanke wayar jaki?

Tambaya: Ni kafinta ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Na sassaƙa jitar lantarki da katakon maɗaci, amma tsirkiyoyin suna gogar ƙarafan wuya, kuma duk sanda na haɗa ta da amfilifaya a kan janareta, wuta tana ja na idan na taɓa su. Mai gyaran rediyo ya ce in yanke wayar da ke zuwa jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyin ke hawa a kansa a jikin jitar. Hankalina a tashe yake, domin ƙanena ma yana kaɗa ta.

Amsa: Malam, matsalar gogar mai sauƙi ce. Ka ɗaga jaki har tazarar da ke tsakanin tsirkiya mai kauri da ƙarfen wuya na 12 ta kai kusan milimita 2, ta siririyar kuma 1.6. Idan wuyan ne ya miƙe sosai, ka sassauta ƙarfen cikinsa da kwatan juyi, ka bar shi ya kwana kafin ka sake taɓawa.

Batun wutar kuwa, ka cire filogin amfilifayan yau, kada ƙanenka ya ƙara taɓa ta sai an gyara. Na gaji da jin wannan shawara ta yanke waya daga bakin mutanen da ba su taɓa ɗora mitar auna wuta a jikin amfilifaya ba. Jita ba ta haifar da wutar da za ta ja mutum, domin abin da maganaɗisunta masu ɗaukar sautin tsirkiya ke fitarwa da ƙyar yake kaiwa bolt 1. Wutar da kake ji daga amfilifaya take, inda bolt 230 ke shiga: tana zuba a jikin ƙarfensa, ta bi wayar jita, ta isa jaki, ta hau tsirkiya, sannan ta nemi ƙasa ta jikinka. An sa wayar jaki ne don rage gunjin da ke fita a lasifika. Idan ka yanke ta gunjin zai ƙaru, wutar kuma tana nan a bakin soket ɗin jitar da jikin amfilifaya da makirufo, tana jiran ranar da za ka tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa da damina, hannunka da gumi. Masu cewa a sa silifas na roba, ko a naɗe hannu da tsumma, su ma ɓoye cutar suke yi, kuma da ran mutum suke wasa.

Ka duba filogin: mafi yawan lokaci za ka tarar an karya doguwar ƙafar ta uku, wadda ke kai wutar da ta zuba zuwa ƙasa, ko an cusa tsirarun wayoyi a soket da tsinken ashana. Ka nemi ƙwararren mai aikin lantarki, ko da sai ka je Dutse ko Kano, ya auna amfilifayan, ya mayar da filogi mai ƙafa uku, ya kafa sandar tagulla a ƙasa mai laima ya haɗa ta da janaretan. Idan bayan haka mita ta nuna wuta a jikin ƙarfen, wannan amfilifayan kada ya sake shiga gidanka sai an buɗe shi an gano inda take zuba.