Ka jinkirta sakin fim ɗin har ka shirya tsarin fitarsa

Ɗan'uwa, ka ce ka kammala fim na minti 40 a kan tsuntsaye masu ƙaura da ke sauka a wata fadama da ruwanta ke janyewa, kuma kana tambaya ko ka ɗora shi a YouTube nan take, ko kuwa ka nemi kamfanin da zai rarraba maka. Na shafe shekaru ina yin irin waɗannan finafinai da kuɗin aljihuna, kuma shawarata ita ce ka ɗan dakata, domin daga cikin dukan matakan da ke gabanka, sakin fim ga jama'a ne kaɗai ba a iya janyewa.

Fim ɗina na farko na ɗora shi a intanet ranar da na gama tace shi, saboda ɗoki. Bayan wata biyu na tura shi wani bikin baje kolin finafinai, aka mayar mini da amsa cewa ba sa karɓar fim ɗin da kowa ke iya kallo kyauta. Laifina ne, don sharaɗin yana rubuce ban karanta ba. Ba dukan bukukuwa ne ke da wannan ƙa'ida ba, amma da yawa suna da ita, haka ma gidajen talabijin da dandalin da ke sayen finafinai, tunda ba wanda zai biya kuɗi don abin da ya riga ya bazu. Saboda haka ka fara da bukukuwan. Akwai manyan bukukuwan finafinan namun daji irin su Wildscreen da ake yi a Biristol ta Ingila tun 1982, da Jackson Wild a Amurka, sai dai gasa a can tana da zafi, kuma ƙananan bukukuwan muhalli sun fi sauraron mai aiki shi kaɗai. Yawancinsu ana tura musu ne ta FilmFreeway, shafin intanet na miƙa finafinai ga bukukuwa, kuma a wannan lokacin ka ajiye fim ɗin a Vimeo, wani dandalin ɗora bidiyo, da kalmar sirri, ka ba alƙalan bikin kawai.

Kafin ma wannan, ka duba haƙƙin mallaka na kowane kiɗa da kowane hoton da ba kai ka ɗauka ba. YouTube na da tsarin Content ID mai gane kiɗan wani, kuma mai kiɗan na iya karɓe kuɗin tallan fim ɗin ko ya toshe shi. Kiɗan da ke ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato wanda mai shi ya yarda a yi amfani da shi kyauta bisa sharuɗɗa, shi ma kala-kala ne, wani ya haramta amfanin kasuwanci. Mutanen da ka yi hira da su kuma, ka sami amincewarsu a rubuce, domin kowane mai saye na kirki sai ya nema.

Game da kuɗi, kada ka sa rai da yawa. Kafin YouTube ya fara raba maka kuɗin talla a dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan rabonka kashi 55 cikin ɗari ne. Fim guda ɗaya da wuya ya kai ka nan. Ni abin da ya mayar mini da wani ɓangare na jarina shi ne ba makarantu da ƙungiyoyin kare muhalli lasisin nunawa. Idan kamfanin rarrabawa ya zo, ka kula da abu uku a yarjejeniyar: shekara nawa, waɗanne ƙasashe, kuma ko ta hana ka nuna fim ɗin a wani wuri. Yarjejeniyar da ta ɗaure ka shekaru masu yawa a duk duniya ba tare da an ba ka komai a hannu ba, ni ba na sa mata hannu.

Akwai kuma abin da ya shafi fim ɗin namun daji musamman, wanda masu ba da shawarar kasuwanci ba sa ambata. Da zarar fim ya shiga intanet, mafarauta da masu kwasar ƙwai ma suna kallo. Idan ka nuna sheƙa, ka cire duk dutse, gada ko allon hanya da zai tona wurin, ka goge bayanan GPS daga hotunan da za ka yi talla da su. Idan lokacin sakin ya yi, ka haɗa da fassarar da ke fitowa a ƙasan allo cikin harsuna biyu ko uku, sannan ka kai wa mazauna bakin fadamar kwafi mara nauyi wanda wayarsu za ta iya ɗauka.